Abin da Motar Baba Ta Manta

Ranar Talata rimot ɗin ya mutu,
a aljihun wando, cikin bahon wanki.
Ladidi ta tsamo shi yana ɗigar kumfa.
Muka binne shi kwana uku a buhun shinkafa,
kamar yadda maƙwabci ya ce,
bai farfaɗo ba.

Tun daga ranar, in na zura makulli da hannu
sai Korolar ta kurma ihu,
duk Bolari a leƙo ta katanga:
ga ɓarawo yana satar abin da ya gada.
Har ladan ya ja ni gefe,
ya ce ko zan riƙa zuwa Asuba da ƙafa.

Na nufi Jekadafari,
shagon Bappah Giɗaɗo, faɗin dadduma biyu.
Ga su nan rataye a zare kamar busasshiyar kuɓewa.
"Wannan dubu takwas, ba ya wuce damina ɗaya.
Wannan sha biyar, ɗan Kwatano ne,
ya sha hannu, amma yana da mutunci."
Na taya goma, ya ce albarka.
Na juya kamar zan tafi,
shi ma ya san ba inda za ni.
Sha uku, har da batir.

Ya faɗa mazaunin Baba, ya ja kujera gaba.
Gabana ya faɗi.
Shekara biyu ban taɓa matsar da ita ba,
na gwammace in riƙa miƙa ƙafa.

"Yi shiru," ya ce, "motar nan ƙirgawa take."
Zura makulli, zare. Zura, zare.
Rufe ƙofa, buɗe. Rufe, buɗe.
Leɓɓansa na motsi kamar mai tofi.
Wani yaro mai rake ya tsaya kallo, Bappah ya ɓata lissafi,
ya yi tsaki, ya koma farko.
A karo na uku ƙofofi huɗu suka amsa tare,
ƙaras, ƙaras.
"Yauwa. Ta buɗe kunne."

Sai ya dube ni: "Akwai wani a waje?"
Na ce akwai na biyu,
yana aljihun Baba ranar da muka kai shi asibiti,
aka dawo mana da riga, ba a dawo da shi ba.
"To sai na goge na da, duka.
Wanda ya tsinta kada ya tsinci mota.
Za ta manta da su
kamar ba ta taɓa jin muryarsu ba."

Na ciro mataccen na duba.
Wajen buɗewa ya lotsa, ya yi sulɓi,
hoton kwaɗon ya shafe,
rami daidai babban yatsan mutum ɗaya.
Wajen rufewa kuwa sabo fil.
Baba ba ya kulle mota, ko a Tashar Dukku.
Cewa yake, wa zai saci wahala?

Bappah na jira, yatsa a sama,
sakan arba'in kawai take ba mutum.
Na ce, "Goge."

Ya danne biyu tare, ya saki, ya danna ɗaya.
Ƙaras.
Shi ke nan.
Ba ta ko yi jinkiri ba.

Na taka goma, na juyo, na latsa.
Ta ƙyafta mini fitila sau biyu,
yadda take yi masa.

Tsohon yana nan a zobe, kusa da sabon,
Ladidi ta ce nauyin banza ne.
Wani dare in na fito daga masallaci,
yatsana kan riga ni, ya faɗa ramin nan, ya danna.
Motar tana can a duhu, shiru.
In ɗan tsaya.
Sannan in laluba ɗayan.